Injin lantarki na ƙaramin kwale-kwale

Injin lantarki na kwale-kwale na'ura ce da ke juya farfela a cikin ruwa da wutar batir maimakon fetur. Masu haɗa ƙaramin jirgi da hannunsu, na katako ko na falanki, sun fi karkata gare shi saboda ba shi da nauyi, ba ya hayaƙi, kuma ba ya ƙarar da za ta kori kifi.

Dabarar ta girmi injin fetur na jirgi. A 1839 Moritz von Jacobi ya tuƙa jirgi mai ɗauke da mutum 14 a kogin Neva na ƙasar Rasha da wutar batir. A 1881 Gustave Trouvé ya gwada inji mai cirewa da mayarwa a kogin Seine na birnin Paris. Irin wanda aka fi sani yau ya samo asali a 1934, lokacin da O. G. Schmidt na garin Fargo a Amurka ya haɗa nasa da sitatar tsohuwar motar Ford, kuma daga nan kamfanin Minn Kota, mai ƙera irin waɗannan injina, ya taso.

A wannan samfurin, injin kansa yana cikin ruwa, a rufe cikin wani ƙoƙon ƙarfe, farfela na manne a bayansa. Doguwar sanda ce ke haɗa shi da mariƙin da matuƙi ke juyawa. Ana auna ƙarfin turin da yake yi da ma'aunin nauyi na laba. Mai laba 30 zuwa 55 yana aiki da batir ɗaya mai volt 12, wanda ya kai laba 80 kuwa sai an jera masa biyu su ba da volt 24. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce laba 2 na turi ga kowace laba 100 ta nauyin jirgi, har da mutane da kaya.

Inda lissafi yake da gaske shi ne wajen batir, kuma nan ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Inji mai laba 55 yana jan kusan amfiya 50 idan aka buɗe shi duka, wato kimanin wat 600, bai ma kai ƙarfin doki ɗaya ba. Batirin dalma mai amfiya-awa 100, wato mai iya ba da amfiya 100 na tsawon awa ɗaya, a takarda zai yi awa biyu, amma irinsa ba ya son a sha fiye da rabinsa, don haka awa ɗaya ce a zahiri. Batirin mota bai dace ba ko kaɗan: an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi, idan ana tatse shi kullum nan da nan zai mutu. Wanda ya dace shi ne mai jure tatsa, irin wanda ake sa wa sola a gida. Na dalma yakan kai kilo 30, na litiyom mai girmansa bai kai rabin haka ba, sai dai tsada.

Gudu shi ke cinye wuta. Ƙarfin da ruwa ke nema yana hawa da sauri ƙwarai yayin da gudu ya ƙaru, ta yadda mai tafiya da rabin gudu kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfin kawai yake bukata. Shi ya sa batirin da ya ƙare cikin awa ɗaya zai iya wuni idan aka bi a hankali. Amma wannan ribar ta fi samuwa ga inji mai na'urar daidaita wuta ta zamani. Masu arha, da ke rage gudu da naɗaɗɗiyar waya, suna ɓarar da wani kaso a matsayin zafi. Siffar jirgi ma tana da nata hukunci. Dogo siriri yana ratsa ruwa cikin sauƙi, gajere mai faɗi kuwa tura ruwa yake yi a gabansa, kuma ko an ninka masa inji da wuya ya wuce kilomita 8 a awa.

Wajen ɗaurawa, katakon gindin jirgi yana bukatar a ruɓanya shi, domin maƙalin injin yana cin falanki mai laushi har ya yi sako-sako. Farfela ta nutse kamar santimita 30; idan ta yi sama, sai a ji tana shaƙar iska tana kumfa, jirgin bai motsa ba. A ajiye batir a ƙasa, tsakiyar jirgi, a ɗaure shi tam. Waya ta zama mai kauri, a kuma sa fiyus kusa da kan batir. Siririyar waya takan ɗau zafi har robarta ta yi laushi a hannu, kuma gobara a jirgin katako ba abin wasa ba ce. Zaren kamun kifi ma maƙiyi ne: yakan naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa, saboda haka ake kwance farfelar lokaci-lokaci a duba.

Injin ya fi dacewa da tafki, madatsar ruwa da kogi mai kwanciya. A ruwa mai ƙarfin gudu ko ranar iska mai tsanani ƙarfinsa ba ya isa, kuma masu amfani da shi ba sa barin filafili da rigar ceto a gida.