Tsadar kwikwiyo ba shaidar lafiyarsa ba ce

An daɗe ana cewa kwikwiyo mai tsada, ɗan asali, ya fi lafiya. Ba lallai ba ne. Masu kiwon karnuka don riba zalla sukan kulle karya a keji tana ta haihuwa ba hutu, su haɗa 'yan'uwan jini barbara, sai cututtukan gado irin su gocewar ƙashin ƙugu su bi 'ya'yan. Takardar asali kuwa nasaba kawai take nunawa.

Kafin ka saya, nemi ganin uwar a makwancinta: ta rame? Tana tsoron mutane? Duba katin rigakafi, likitan dabbobi ya auna kwikwiyon, kuma kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8.

Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.