Waken gwangwani ya koma bek-bins na gida: ga amsoshin tambayoyinku

Ranar sunan ɗiyar ƙanwata a Unguwar Rimi na kai kula ɗaya ta wake jajir mai ɗan zaƙi-zaƙi, wanda Turawa ke ce wa bek-bins wato gasasshen wake, mata suka kwashe shi da biredi tun ba a sauke shinkafa ba, to daga ranar wayata ba ta huta ba. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi min, kowa ta ɗauki tata.

Anti ba shi ne wanda muke juyewa a salak ba? Me kuma za a ƙara masa?

Shi ne mana. Amma fa gwangwanin iri biyu ne, akwai wanda ya zo da miyar tumatirinsa a ciki irin na Heinz, akwai kuma farin wake zalla a ruwan gishiri. Dukansu suna yi, sai dai ni na fi son zallan don ni zan haɗa miyata yadda nake so. Mai miyar nan in kin buɗe kin ɗanɗana za ki ji shi salam, ruwa-ruwa, zaƙi kawai ba yaji ba ƙamshi, shi ya sa maigidana yake ce masa abincin marasa lafiya.

Wai asalinsa abincin su waye?

Na Amurka ne, yankin birnin Boston, har ma ana yi wa garin laƙabi da garin wake. Can da a tukunyar ƙasa suke gasa shi awanni da yawa tare da baƙin ruwan rake mai kauri wanda ke saura in an yi suga. Kamfanin Heinz ya fara zuba shi a gwangwani a 1895, daga baya Turawan Ingila suka rungume shi suka mayar da shi abin karin kumallo a kan gasasshen biredi, nasu kuma tumatir ya fi yawa zaƙi kaɗan. Abin dariyar ma, na gwangwanin ba gasa shi ake yi ba, a cikin gwangwanin ake dafa shi bayan an rufe. Ki riƙe wannan don shi ne tushen komai: waken nan dafaffe ne tun daga kamfani, miya kawai za ki yi masa ki ba shi lokaci ya sha.

Hajiya na ji an ce da naman alade a ciki, gaskiya ne?

Na asalin Amurkawa da shi ake yi, kuma har yanzu da yawa daga gwangwanayensu akwai shi. Don haka ki juya gwangwanin ki karanta bayansa, in kika ga an rubuta pork ko bacon ko lard ki mayar musu abinsu. Irin na Ingila mai tumatir yawanci babu nama, amma duk da haka karantawar ba ta cin minti ɗaya. Su Amurkawan ƙamshin hayaƙi suke nema a naman, mu kuwa Allah ya hore mana kilishi da naman banda, ki yayyanka ƙanana ki jefa ciki shi kenan.

To ya ake haɗawa? Ki faɗa mana dalla-dalla don Allah.

Gwangwani biyu na zallan wake masu giram 400, ki tsiyaye ruwan ki ɗauraye. Ki soya babbar albasa ɗaya a mai cokali biyu a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi laushi ta fara ja, kar ki yi sauri a nan, rabin daɗin daga albasar yake. Sai tafarnuwa, attaruhu ɗaya ko biyu, tumatirin leda cokali uku ki soya har tsamin ya fita, kilishinki, magi ɗaya, ruwa kamar kofi guda.

Sai mazarƙwaila. Wallahi na daɗe ina yawo manyan kantuna ina neman baƙin ruwan raken nan nasu, ashe ɗan uwansa yana nan jibge a Kasuwar Bacci da Kawo, wadda ake kawowa daga wajen Makarfi. Ruwan rake ne aka dafe ya daskare ba a tace shi ya zama fari ba, don haka ɗan ɗaci-ɗacin nan da ƙamshin ƙonuwa da suke nema duk yana ciki. Ki kankare kamar cokali biyu, ki narka a ruwan ɗumi ki tace don wani lokacin ana samun ɗan yashi ko ɓawon rake, ki zuba. Farin suga ma zai yi in babu amma launin ba zai fito ba. Daga ƙarshe ruwan tsamiya cokali ɗaya a madadin binigarsu, shi ke kama zaƙin kar ya gundure ki. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri, kilishi da magi da waken duk da gishirinsu suka zo.

Ki juye waken ciki, ki zuba a kwanon gashi ki sa a obin mai zafin digiri 180 na Selsiyas ba murfi, minti 35 zuwa 45. In kin ga gefe-gefen ya yi duhu yana ɗan kama kwano, miyar tana tafasa a hankali tana ɓul-ɓul kamar talge, ya yi. Ki bar shi minti goma ya huce, a nan yake ƙarasa yin kauri.

In na mai miyar ne a hannunki, ki rage tumatir da mazarƙwaila rabi, ruwan ma ɗan kaɗan.

Ni ba ni da obin, kuma kin san halin wutar Kaduna.

Na sani ƙanwata, mu ma a Tudun Wada haka muke fama. Tukunya mai kaurin gindi a kan gas ko gawayi, wuta can ƙasa, minti 25 zuwa 30, murfi a ɗan karkace. In kina son saman ya yi irin na gashi ki ɗora garwashi a kan murfin kamar yadda iyayenmu ke gasa kek.

Nawa ya dagargaje ya koma kamar fate, ina na kuskure?

Hannu ne ya yi yawa. Ni ma farkon yi na haka na tsaya a kansa da ludayi ina ta juyawa kamar mai tuƙa tuwo, yara suka ce Mama wannan alale ne ko miya. Tunda dafaffe ne ba ya son taɓi, sau biyu ko uku ki ɗan ɗaga shi daga ƙasa da cokalin katako ya isa. Kanwa kuwa ko kusa, ba ta da aiki a nan.

Dole sai na wanke shi?

Zallan dai ki wanke, yana rage gishirin sosai, ruwan nan mai yauƙi ma ya tafi. Mai miya ba a wanke shi, ai miyar kika saya.

Gwangwani ya yi tsada yanzu, farin wakenmu ba zai yi ba?

Zai yi, kuma a mudu ɗaya sai ki ciyar da gida guda. Ba dai iri ɗaya ba ne, nasu ƙananan farare ne masu santsi da ake kira nebi, wato sojan ruwa, don sojojin ruwan Amurka sun daɗe suna cin sa, namu kuwa ɗanɗanonsa ya fi ƙarfi kuma ya fi saurin fashewa. Sharaɗin ɗaya ne, ki dafa shi ya nuna a ruwa zalla tukuna sannan ya haɗu da miya. Tsamin tumatir da tsamiya suna hana ɗanyen wake laushi, in kika haɗa su tun farko sai ki ƙarar da gas yana nan ƙiris-ƙiris.

Kwana nawa yake yi in ya yi saura?

A firij mai sanyi kwana uku zuwa huɗu cikin roba mai murfi, kuma na washegari ya fi daɗi don ya tsumu. In wuta ba ta tsayawa a layinku ki yi daidai cin yini, wake ba ya haƙuri da zafin nan namu musamman watan Maris da Afrilu. Wajen saye kuma ki duba kwanan wata, gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ko ya lotsa a bakin murfi ki bar shi ko da mai shago ya ce rabin kuɗi, irin wannan ko ɗanɗanawa ba a yi, bola za shi.