Waiwaye: Koji Kondo, mutumin da ya yi wa Mario kiɗa

Duk wanda ya taɓa buga wasan Super Mario, ko da ya shekara ashirin rabonsa da shi, da an kaɗa masa farkon kiɗan nan zai ƙarasa sauran da baki. Amma ba kowa ya san mai kiɗan ba. Sunansa Koji Kondo, an haife shi a birnin Nagoya na ƙasar Japan a 1961. Tun yana yaro ya fara koyon kaɗa ogan mai aiki da lantarki, ya yi karatu a wata jami'ar fasaha da ke Osaka, sannan kamfanin Nintendo ya ɗauke shi aiki a 1984.

Na'urar da ya tarar ana yi wa wasanni, wato Famicom, ba ta da wadatar sauti. Kusan abin da ke hannunsa muryoyi uku ne masu fitar da karin waƙa, sai ta huɗu mai hayaniya da ake kwaikwayon ganga da ita. Ko waɗannan ma ba nasa ba ne shi kaɗai, domin idan Mario ya yi tsalle, sai ƙarar tsallen ta ari murya ɗaya daga cikin kiɗan. A cikin wannan ƙunci ya tsara kiɗan Super Mario Bros. na 1985.

Zubin farko na babban kiɗan wasan bai tsira ba. Da ya ɗora shi a kan wasan, sai ya ga tafiyarsa ba ta dace da gudun Mario da tsallensa ba, ya ajiye shi ya sake sabo. A ganina nan ne gwanintarsa take. Kamar makaɗin da ke kallon ƙafar mai rawa, shi yatsun mai wasa yake bi. Ga kuma wata matsala: kiɗan gajere ne, zai yi ta maimaituwa na tsawon sa'o'i, dole ya zama wanda ba ya gundurar kunne.

A wasan Zelda na 1986 an so buɗewa da kiɗan Bolero na Bafaranshen mai tsara kiɗan nan Maurice Ravel, sai a ƙurarren lokaci aka gano haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba. Kondo ya kwana yana aiki, ya sake wa kiɗan filin wasan fasali, ya mayar da shi na buɗewa.

Da na'urori suka ƙara ƙarfi, bai saki wannan hanya ba. A Super Mario World na 1990, da zarar Mario ya hau Yoshi, wata dabba da ke cikin wasan, sai ganguna su shigo cikin kiɗan. A wasan Zelda mai suna Ocarina of Time na 1998 kuwa, mai wasan ne da kansa ke busa wata sarewa da ke cikin wasan ta hanyar maɓallan hannunsa, da sautuka biyar kacal.

Daga baya ya fi mayar da hankali ga sa ido kan aikin na bayansa, kamar a Super Mario Galaxy na 2007, inda ya yi aiki tare da Mahito Yokota, aka ɗauki kiɗan da cikakkiyar tawagar makaɗa. A 2023 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya kiɗan Mario cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa, kuma shi ne kiɗan wasan bidiyo na farko da ya shiga wannan kundi.