Darasin Addinin Kirista a Sakandare: Abin da Doka ta Yarda da Shi da Abin da ta Hana

Ana yawan tambaya ko gwamnati tana da ikon saka darasin addinin Kirista a jadawalin makarantunta na sakandare. Tana da shi. Dokar ƙasa da ƙasa ba ta hana ba, sai dai ta gindaya sharaɗi, kuma a kan wannan sharaɗi ne rigima take tashi.

Tushen maganar yana cikin Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Jama'a da na Siyasa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1966, ta fara aiki a 1976. Sashe na 18, sakin layi na 4, ya ɗora wa ƙasashen da suka sa hannu alhakin mutunta 'yancin iyaye da masu riƙon yara na tarbiyyantar da 'ya'yansu a kan addinin da suka yarda da shi. A 1993 kwamitin da ke sa ido a kan yarjejeniyar ya fito da bayaninsa mai lamba 22, inda ya raba koyarwa gida biyu. Akwai koyar da tarihin addinai da kyawawan halaye ba tare da karkata ga wani ba, wannan ana iya yi wa kowa. Akwai kuma koyar da addini ɗaya a matsayin gaskiyar da ake so ɗalibi ya bi. Na biyun ba ya halatta a makarantar gwamnati sai an buɗe wa wanda ba ya so hanyar fita, ko an ba shi wani darasi a madadinsa, ba tare da nuna bambanci ba.

Wato malamin da ke bayyana wa aji tafiye-tafiyen Manzo Bulus da yadda ikilisiya ta bazu yana ba da ilimi ne. Idan kuwa ya ce kowa ya rufe ido a yi addu'a da sunan Yesu, ya shiga ibada. Ga ɗalibi Kirista wanda iyayensa suke so, duka biyun daidai ne, har ma abin da ake nema ke nan. Amma wanda ba Kirista ba, ba za a tilasta masa na biyun ba.

Ƙasar Norwe ce ta nuna yadda hanyar fita take iya zama ta jeka-na-yi-ka. A 1997 ta shigo da wani darasi na dole da ya haɗa Kiristanci da sauran addinai da falsafar rayuwa, Kiristanci ne da kaso mafi girma. Ba a yarda a cire yaro daga darasin gaba ɗaya ba, sai daga ɓangarorin da iyaye suke gani ibada ne. To, sai uwa ta riƙa bin manhaja mako-mako tana tantance inda za ta nemi a tsame ɗanta, wani lokacin ma sai ta kawo dalili. Ko an ɗauke wa yaro rera waƙar yabo, ana sa ran ya san abin da waƙar ta ƙunsa. Wasu iyaye suka kai ƙara. Kwamitin nan na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke sa ido a kan yarjejeniyar ya ba su gaskiya a 2004, sannan a 2007 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar Folgero (sunan ɗaya daga cikin iyayen da suka kai ƙarar), alƙalai 9 suka rinjayi 8. Abin lura shi ne kotun ba ta ga laifin ba Kiristanci kaso mai yawa ba, ganin matsayinsa a tarihin ƙasar. Abin da ta ƙi shi ne nauyin da aka ɗora wa iyaye, da yadda tsarin yake iya sa su tona abin da ke zuciyarsu kafin a saurare su. A ganina nan ne hukuncin ya fi daraja. Bai kamata uba ya tsaya gaban shugaban makaranta yana kare imaninsa kafin a ƙyale ɗansa ba.

Kariyar ba ta gefe ɗaya ba ce. Ɗalibi Kirista da ya sami kansa a inda mabiya wani addini suka fi yawa, shi ma ba a da ikon zaunar da shi a darasin ibadar da ba tasa ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya faɗi haka a sashe na 38, sakin layi na 2, ya kuma ƙara a na 3 cewa al'ummar addinin da ke ɗaukar nauyin makarantarta gaba ɗaya tana da damar koyar da 'ya'yanta addininta a ciki. Abin da yarjejeniyar 1966 ba ta yi ba shi ne wajabta wa gwamnati ta samar da darasin. Wannan ya rage ga dokar kowace ƙasa, shi ya sa Jamus ta rubuta darasin addini cikin tsarin mulkinta, Amurka kuwa tun 1963 Kotun Ƙolinta ta hana karatun Littafi Mai Tsarki na ibada a makarantun gwamnati, ta bar nazarinsa a matsayin adabi da tarihi.

Sakandare tana da nata ƙarin lamari, domin ɗalibin ba ƙaramin yaro ba ne. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, a sashe na 14, ta ce yaro yana da 'yancin addini, iyaye kuma su yi masa jagora gwargwadon yadda hankalinsa yake ƙara nuna. Ba ta yanka shekaru ba. Jamus ta yanka tun a wata doka ta 1921: wanda ya cika 14 shi ne mai zaɓen addininsa, kuma a yawancin jihohinta daga nan yana iya cire kansa daga darasin. A Ingila iyaye ne suke da ikon janye ɗansu daga darasin addini, amma ɗaliban azuzuwa biyu na ƙarshe suna iya janye kansu daga taron addu'a na makaranta.

Ana mantawa da malami a wannan zance. Tsarin mulkin Jamus, a sashe na 7, ya ce ba za a tilasta wa malami koyar da darasin addini ba idan bai so. Wannan ya dace da maslahar ɗalibai Kirista su kansu, domin wanda aka tura aji bisa dole ba zai koyar da Huɗubar da Yesu ya yi a Kan Dutse yadda ta cancanta ba.