A bar wa ruwan sama wurin nutsewa a cikin gida

Wanda ya kai zanen gidansa hukumar tsara birane ta KNUPDA a Kano, ko takwararta a wata jiha, zai tarar ana duba nawa gini zai cinye a cikin filin, da tazarar da aka bari ta gaban titi da ta gefen maƙwabci. Kason da aka yarda a gine ya danganta da irin unguwar. Magidanta da yawa suna ɗaukar wannan neman fitina, wai mutum da filinsa. Mu ma'aikatan duba-gari da muke shiga lunguna bayan an ɗauke ruwa mun san amfanin dokar.

Ga lissafi mai sauƙi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Gidan da kwano da daɓen siminti suka rufe murabba'in mita 200, idan aka yi ruwan milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, zai zubar da lita 6,000. Jarka 240 ke nan ta 'yan garuwa mai cin lita 25, daga gida ɗaya, a dare ɗaya. A da tsakar gida ƙasa ce, tana shanye wani kaso, saura ya gangara kududdufin unguwa. Yanzu an cike kududdufai da yawa an yi gini a kai, tsakar gida kuma an shafe ta har bakin zaure. Ruwan sai ya fito lungu gaba ɗaya, lambatu ya cika, ya koma gidan da ya fi kwari. Galibi kuwa gidan ƙasa ne na mai ƙaramin ƙarfi, wanda gindin katangarsa ba ya jure jiƙa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga gini ba. Ruwan da ya kwanta kwana 7 zuwa 10 ya ishi sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. Ruwan da ya shiga masai ya tumbatso kuma yana iya bi ta ƙasa ko ta sama ya faɗa rijiya, daga nan amai da gudawa da taifot ke samun hanya.

Don Allah, maigida, kafin birkila ya aza bulo a nemi izinin gini, a kuma bi zanen da aka amince da shi. Ɗakin haya ko shagon da ake ƙarawa daga baya a kan tazarar da aka bari, shi ne yake toshe hanyar ruwa. Idan ana son tsabtar tsakar gida, a yi intalok, wato ƙananan bulon daɓe da ake jerawa, a kan yashi maimakon siminti zalla, a bar gefe guda ƙasa a dasa darbejiya ko zogale. Indararo ya zuba a tanki ko duro mai murfi, ko a ramin tsakuwa nesa da tushen gini, kada a juya bakinsa katangar maƙwabci. Rijiya da masai kuma a raba su da kimanin mita 30.

Wanda ya ga ana aza gini a kan magudanar ruwa ya sanar da mai unguwa tun ana haƙa tushe, kafin a kai linta.