Kifin ƙanƙara kafin ya shiga kasko: tambayoyi da amsoshi

Duk wadda ta taɓa sayo katan ɗin kifi a kasuwar Ijora ko Mile 12 da ke Legas don suna ko walima ta san yadda yake isowa gida: dunƙule guda, da tauri kamar bulo. Na daɗe ina suyar biki a Agege, kuma tambayoyin nan su ne ƙannena mata suka fi yi mini.

Me zai hana a jefa shi a mai da ƙanƙararsa?

Ruwa da mai mai zafi ba sa ga maciji. Man suya yana kaiwa digiri 175 zuwa 180, ruwa kuwa a digiri 100 yake zama tururi, sai man ya yi ta fallatsi yana ƙona hannu. Zafinsa kuma ya faɗi, kifin ya sha mai, bayansa ya soyu cikinsa ɗanye.

Wace hanya ce ta fi kyau wajen narkar da shi?

Firij, tun daren jajiberi. Ki zuba shi a roba, ki rufe, ki ajiye a can ƙasa don kada ruwansa ya ɗiga kan wani abinci. Yankakken da aka cire wa ƙaya dare ɗaya ya ishe shi, amma babban dunƙule yakan ci kwana guda ko fiye. Idan irin na kanti ne da aka zuƙe iskar ledarsa, ki fasa ledar tukuna, domin akwai ƙwayar cuta mai dafi da ke girma inda babu iska.

To in an ɗauke wuta, ko baƙi sun kusa?

Ki ɗaure shi tamau a leda, ki nutsa a ruwan sanyi. Ruwan tankinmu da rana ɗumi ne, don haka ki sayo ƙanƙara ki jefa ciki, ki riƙa sauya ruwan duk bayan minti 30. Rabin kilo yakan saki cikin kamar awa ɗaya. Yana saki, sai kasko.

Wasu suna zuba ruwan zafi ko su shanya shi a rana. Laifi ne?

Wannan ne ya fi damuna, don na sha ganin baho cike da kifin titus a tsakar gida tun hantsi har azahar. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa, kuma zafin Legas yana tsakiyar nan. Bayan kifin yana ɗumama alhali cikinsa bai ko motsa ba. Ƙa'ida ita ce kada ya wuce awa 2 a waje, ranar da zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: kifin titus da na shawa idan suka jima a ɗumi suna tara wani sinadari, histamin, wanda suya ba ta kashe shi. Ko an soya kifin ya yi ƙayau, yana nan. Wanda ya ci sai fuska ta yi ja, ga ƙaiƙayi, ciwon kai, wani lokaci gudawa, sau da yawa kafin awa ta cika. Sai a ce jikinsa ne ba ya son kifi, alhali tun a baho aka ɓata shi. Yajin da muke zubawa kuma yana rufe ɗanɗanon da zai tona asirin.

Ta yaya zan gane ya yi?

Ki lanƙwasa shi. In ya bi hannu, ko da akwai ɗan sanyi a tsakiya, ya isa. Ki tsane shi a kwando, ki goge da tsumma mai tsabta har ya bushe, sannan gishiri da kayan ƙamshi. Wannan gogewar ce ke hana shi mannewa a kasko ya farfashe.

In ya ragu, zan iya mayar da shi firiza?

Wanda ya narke a firij kuma bai bar sanyi ba, kina iya mayarwa, sai dai tsokarsa za ta ɗan yi laushi. Wanda aka narkar a ruwa kuwa, ki soya shi tukuna, ya huce, sannan ki adana.