Waiwaye: Yadda hodar iblis ta taso daga ɗakin tiyata har ta iso unguwanninmu

A bara wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta tare ni a bakin zaure bayan la'asar, ta rage murya ta ce, "Ɗana, wai mi ake nuhi da koken? Na ji ƙannen yaron gidanmu suna hwaɗin shi yaka sha." Da na ce mata ai ita ce hodar iblis, sai ta dafa bango ta zauna a kan dakali. Sunan hodar iblis ta daɗe da saninsa a rediyo, a labaran waɗanda ake kamawa a filayen jirgin sama sun haɗiye ƙulli-ƙulli a ciki. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa kalmar da ta yi watanni tana yawo a tsakar gidanta ita ce wannan abu ba.

Abin da sunayen titi suke yi ke nan. Mai saye ba ya cewa a ba shi hodar iblis. Zai ce koken, ko kok, ko hoda kawai, ko ya ce kaya, wanda zai iya zama komai. Wadda aka dafa ta dunƙule kamar tsakuwa ana zuƙar hayaƙinta, ita ake kira kirak. Haka aka yi da sauran: roci, tiramol, benelin, sholisho. Idan abin ya hau kai a ce an yi caji, kamar waya ake magana. Sunan da muka laƙaba mata mu manya ya ture ta can nesa, ya mai da ita abin 'yan Legas da 'ya'yan masu kuɗi. Sunayen da yara suka ba ta kuma sun rage mata nauyi har ta shige gida ba sallama.

Asalinta ganye ne, ganyen koka, da ke fitowa a tsaunukan Kudancin Amurka, a Kolombiya da Peru da Bolibiya. Mutanen can sun yi dubban shekaru suna tauna shi kamar yadda muke tauna goro, don rage yunwa da gajiya. A 1860 wani masanin haɗa sinadarai Bajamushe, Albert Niemann, ya tace sinadarin da ke cikin ganyen ya fitar da shi zalla. A 1884 likita Karl Koller ya nuna a birnin Biyana cewa ɗigonsa yana kashe zafi a ido har a yi aiki majiyyaci na farke. Turawa suka rungume ta a matsayin magani, har cikin lemon Coca-Cola an sa ta kafin a cire a farkon ƙarni na 20. Da ɓarnarta ta bayyana aka fara kafa dokoki, har yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta taƙaita ta ga aikin asibiti da bincike.

Mu a Nijeriya da bindiga muka fara tarbarta. A farkon shekarun 1980, lokacin da kuɗin mai ya ja baya, 'yan ƙasar nan suka shiga dakon ta zuwa Turai da Amurka. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta 20 ta 1984 mai hukuncin kisa, kuma ranar 10 ga Afrilu 1985 aka harbe mutum uku a Kirikiri: Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. An yi ta ce-ce-ku-ce saboda an mayar da hannun dokar baya. Gwamnatin Babangida ta soke kisan, sannan ta kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da Doka ta 48 ta 1989. Safarar dai ba ta tsaya ba.

Abin da ya matso da ita kusa da mu shi ne sauyin hanya. Daga tsakiyar shekarun 2000 manyan dillalan Kudancin Amurka suka koma sauke kaya a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, musamman Gini Bisau, a ratsa da wani kaso ta hamada zuwa Turai. A Nuwamba 2009 aka tsinci ƙonannen jirgin sama ƙirar Boeing 727 a dajin arewacin Gao ta Mali, wanda aka yi imanin hodar ya kawo. A Janairu 2022 'yan sandan Nijar suka kama kilo 214 a motar magajin garin Fachi. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce abin da ake kamawa a ƙasashen Sahel ya tashi daga kimanin kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020 zuwa kilo 1,466 a 2022. A Satumbar 2022 NDLEA ta bankaɗo tan 1.8 a wani gida a Ikorodu. Duba taswira: teku na kudu da mu, hanyar Illela zuwa Ƙonni da Tawa da Agadas na arewa. Duk inda aka ratsa da buhun gero sai tsaba ta zuba, balle da yake wani lokaci da hodar ake biyan 'yan dako ladansu, su kuma su nemi mai saye a gida.

Ba zan zuzuta ba. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi, miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramol, koken kuwa wajen 92,000. A Arewa maso Yamma an samu kusan mutum miliyan 3. Babban ciwonmu har yanzu ƙwaya ce da maganin tari, shi ya sa aka hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018. Amma yaron da jikinsa ya saba da caji ba ya tambayar sunan abin da aka miƙo masa.

Daɗinta gajere ne ƙwarai. Wanda ya shaƙa, minti 15 zuwa 30. Mai zuƙar kirak, minti 5 zuwa 10. Daga nan sai faɗuwar gaba da ƙunci, sai neman ƙari, shi ya sa take cinye jarin shago cikin makonni. Tana matse jijiyoyin jini, ta ɗaga hawan jini, ta sa zuciya gudu ba ƙa'ida, har saurayi ɗan shekara 25 ya yanke jiki da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko da karon farko ne. Mai yawan shaƙa yana haɓo, daga baya guringuntsin tsakiyar hanci ya huje. Idan aka haɗa da giya, hanta na ƙera wani sabon sinadari da ya fi daɗewa a jini kuma ya fi cutar da zuciya. Abin da ya fi girgiza ni shi ne algus: dillalai kan cakuɗa ta da levamisole, maganin tsutsar ciki na dabbobi irin wanda makiyayanmu ke ɗura wa tumaki, kuma yana rushe garkuwar jiki. Sai kuma kai ya taɓu: kwana biyu ba barci, zargin kowa, leƙen taga, sosa jiki kamar ƙwari na tafiya a ƙarƙashin fata. A nan ne iyaye ke cewa aljannu ne ko sammu.

Daga wannan fahimtar aka daɗe ana kai yara gidan mari. A Satumba 2019 'yan sanda suka fito da fiye da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, aka kuma sami irinsa a Daura bayan makonni. Ita kanta dokar ƙasa kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta zamanin Turawa ce, ta 1958, sai a Janairu 2023 aka sa hannu kan sabuwa. Addu'a da nasiha ba wanda zai raina su, ni ma da su nake farawa. Sai dai sarƙa ba ta warkar da ƙwaƙwalwar da sinadari ya sauya.

Sakkwato na da abin da jihohi da yawa ba su da shi: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ga sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. NDLEA ma na da masu ba da shawara da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. Amma mun mai da sunan Kware abin zolaya. "Sai Kware" ake ce wa wanda ya yi shirme, to wane uba ne zai so a gan shi a kan wannan hanya da ɗansa? Ya kamata kuma iyali su san cewa koken ba ta da wata ƙwaya ko allura da ke yanke sha'awarta kai tsaye. Maganin zama ne da likita da masanin halayya, mako bayan mako, a koya wa mutum gane abin da ke ingiza shi, a raba shi da majalisar da yake zuwa, a kula da baƙin cikin kwanakin farko wanda kan kai wasu ga tunanin kashe kansu. Komawa ruwa bayan an daina abu ne da likitoci suka saba gani, kuma dalili ne na komawa asibiti. Wanda kuwa ya kama ƙirji yana gumi, ko ya fara jijjiga, sashen gaggawa za a nufa da shi nan take, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Maƙwabciyar tawa ta kai sati uku tana juya maganar. Wata Talata da asuba, kafin unguwa ta tashi, kawun yaron ya kawo mota suka kama hanyar Illela zuwa asibitin Kware. Da ta dawo na gaishe ta, ta ce, "Ɗana, likitan bai zage shi ba. Kujera ya ba shi." An ba su ranar komawa, ta sa an rubuta mata ita da alli a bayan ƙyauren ɗakinta.